Yadda Ake Sasanta Kwamfuta da Tsohuwar Na'urar DAC

Aikin na'urar DAC guda ɗaya ne: ta karɓi sauti a lambobi, ta mayar da shi siginar lantarki da amfilifaya za ta ƙara wa ƙarfi ta miƙa wa lasifika. Kowace wayar hannu da kowace kwamfuta tana da 'yar ƙaramar irinta a ciki. Sai dai tun ƙarshen shekarun 1980 masu ƙera kayan sauti suka fara ware ta a akwatinta na kanta, da taransifomarta, domin masu son jin faifan CD yadda ya kamata. Kamfanin Arcam na Ingila ya fitar da Black Box a 1988, Meridian ya fito da 203, Audio Alchemy na Amurka ya shigo da DDE a farkon shekarun 1990, ga Theta ga Wadia masu tsadar gaske. Har yau irinsu na ɓullowa cikin kayan gwanjo, kuma da yawansu sautinsu bai tsufa ba. Rigimar tana farawa ne ranar da mai ita ya jona ta da kwamfuta: ko ya ji tsit, ko shuuu mai tayar da hankali, ko waƙa ta riƙa tafiya tana tsinkewa.

Mafi yawan lokuta na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ake mantawa shi ne zamanin da aka yi ta. Wanda ya zana ta abu ɗaya ya sa a gaba, wato na'urar kunna CD, wadda ke aiko da sauti iri ɗaya tak: layi biyu, hagu da dama, a tsarin PCM, awo 44,100 a kowace daƙiƙa, kowane awo bit 16, kuma galibi ba ta fasa aikowa tun daga kunnawa har kashewa. An ƙara wa DAC ɗin karɓar 48 kHz da 32 kHz saboda kaset ɗin DAT da shirye-shiryen tauraron ɗan'adam. Iyakar saninta ke nan. Kwamfuta kuwa tana iya turo 96 ko 192 kHz, tana iya cuso Dolby, tana iya ɗauke siginar da zarar waƙa ta ƙare don tattalin wuta. Saboda haka duk dabarar da za a yi, manufarta ita ce a sa kwamfutar ta yi halin na'urar CD.

Kafin ka soka fulogi

Juya na'urar ka karanta abin da aka rubuta kusa da inda wayar wuta ta shiga. Wutar Najeriya da Nijar tana tsakanin bolt 220 da 230 ne. Na'urar da aka yi don Amurka bolt 120 take so, ta Japan 100, kuma taransifomar da ke cikin tsofaffin nan awo guda ta sani, ba ta da sassaucin cajar laftof mai karɓar kowace wuta. In babu makunnin sauya bolt a baya, nemi taransifomar rage wuta. Ƙarama ma ta isa, DAC ba ta da ci. Sannan duk lokacin da za ka gwada sabon abu, rage ƙarar amfilifaya ƙasa tukuna. Dalilin zai zo a gaba.

Fitilar da ke raba gardama

Kusan kowace tsohuwar DAC tana da 'yar fitila a gaba da aka rubuta wa Lock, wasu kuma sukan nuna 44.1 ko 48. Da ita za ka yi aiki, don haka ya kamata ka san abin da take faɗa. Tsarin da ke haɗa waɗannan na'urori shi ne S/PDIF, wanda Sony da Philips suka tsara. Waya ɗaya ce ke ɗauke da abu biyu a cakuɗe: lambobin sautin, da bugun agogon da ke nuna lokacin karanta kowace lamba. A 44.1 kHz, bit sama da miliyan 2.8 ne ke wucewa kowace daƙiƙa. DAC ba ta tsara nata takun. Dole ta saurari bugun mai aikowa ta bi shi, kamar yadda 'yan amshi ke bin bakin mawaƙi. In ya yi saurin da ya fi ƙarfinsu, ko ya riƙa tuntuɓe, amshi ya watse. Fitila ta kama ta tsaya cak, an kama takun. Tana ƙiftawa, siginar tana zuwa amma ba ta da tsabta. Ba ta kama ba sam, ko dai babu abin da ke isowa, ko abin da ke isowa ya wuce saninta.

Abu na biyu da ya kamata a sani: hanyar ɗaya ce, daga kwamfuta zuwa DAC, babu komowa. USB da HDMI sukan yi gaisuwa da na'urar da aka jona, su tambaye ta abin da take iya karɓa. A S/PDIF babu wannan. DAC ba ta da bakin da za ta ce abu ya fi ƙarfinta. Shi ya sa za ka ga kwamfuta na nuna waƙa na tafiya, koren layin nan na hawa da sauka, alhali ɗaki tsit.

Gwajin farko ba ya buƙatar kwamfuta ko kaɗan. Nemo na'urar DVD, ko da tsohuwa ce da aka jingine. Yawancinsu suna da rami guda a baya, baƙi ko ruwan lemo, da aka rubuta wa Coaxial. Shiga saitinta ka mayar da fitar sautin dijital zuwa PCM, ka sa faifan CD na ainihi, na waƙa ko na karatu, ka jona ta da DAC. Idan fitila ta kama kuma sauti ya fito, ka wanke DAC da amfilifaya da lasifika gaba ɗaya. Laifin yana ɓangaren kwamfuta. Idan fitila ta kama amma shiru, matsalar tana gaba: duba ko wayoyin ja da fari suna inda ya dace, ko an danna maɓallin Tape Monitor a amfilifaya, ko wata ƙofa daban aka zaɓa. Kada a soka su a ramin Phono. Wannan na garmaho ne, 'yar sigina kaɗan yake jira, DAC kuwa kusan bolt 2 take fitarwa, sautin zai fito a farfashe. Idan kuwa fitilar ta ƙi kamawa ko da DVD, bayan ka sauya kebul ka gwada ɗaya ƙofar, to a nan ne za a fara zargin na'urar kanta.

Daga nan gaba, abu ɗaya za ka riƙa sauyawa a lokaci guda, ka saurara, sannan ka taɓa na gaba. Mai sauya abu uku a tare, ko ya dace ba zai san wanne ne ya yi maganin ba, gobe in ta dawo sai ya koma farko.

Ta wace ƙofa sautin zai fita?

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki kebul daga ramin iyafis na laftof a soka a ramin Coaxial, tunda bakin ya shiga daidai. Abin da ke fita daga ramin iyafis sauti ne da aka riga aka gama juyawa, babu lambobi a cikinsa, fitila ba za ta taɓa kamawa ba. Haka ma kebul mai USB a baki ɗaya da RCA a ɗayan, wanda ba shi da wata na'ura a tsakiya, ba zai yi komai ba.

Kwamfutar tebur takan zo da wani rami mai kusurwa huɗu da 'yar ƙofa, mai jan haske a ciki. Wannan shi ne TOSLINK, wanda Toshiba ta ƙirƙiro a 1983. Siginar S/PDIF ce dai, amma da haske ake aika ta. Wasu kwamfutocin kuma ba su fito da ramin waje ba, sai 'yan tsinke a kan babban allon ciki da aka rubuta wa SPDIF_OUT. Kada a ja waya kai tsaye daga tsinken nan zuwa DAC, domin ƙarfin siginarsu yakan zarce rabin bolt ɗin da ramin Coaxial ke jira. Akwai 'yar faranti da ake sayarwa don wannan aiki. Tsofaffin kwamfutocin Apple suna ɓoye hasken ne a cikin ramin iyafis, sai an soka kebul mai siririn baki na mini-TOSLINK yake kamawa. Apple ta cire wannan daga MacBook Pro a 2016, daga Mac mini kuma a 2018, don haka mai sabuwa kada ya wahalar da kansa da nema.

Ga wanda ba shi da ko ɗaya, wato mafi yawan masu laftof a yau, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce konbata mai juya USB zuwa S/PDIF. 'Yar ƙaramar na'ura ce da ke shan wuta daga USB ɗin. SMSL PO100 da Topping D10s da tsohuwar Musical Fidelity V-Link duk suna wannan aiki. Mac da Linux sukan gane su nan take. Windows bai samu direban kansa na tsarin USB Audio Class 2 ba sai a Windows 10 fitowar 1703, a 2017. Wanda ke kan abin da ya gabaci haka sai ya sa direban kamfanin. Ka soka ta a jikin kwamfutar kai tsaye, ba ta cikin marabar USB da aka cika da filas da linzami ba. Kuma ka tuna cewa kwamfuta konbatar take gani, ba DAC ba. In konbata ta ce tana iya 192 kHz, kwamfuta za ta gaskata ta, ta tura, tsohuwa kuma ta yi gum.

Wanda kuma ke cire sauti daga HDMI da 'yar na'urar da ke raba hoto da murya, ya mayar da makunninta kan 2CH. Masu situdiyo da ke da katin sauti irin na ɗaukar waƙa su lura: ramin haske na katin yakan zo a tsarin ADAT mai layi takwas, bakinsa ɗaya da TOSLINK amma yarensa daban. A shiga manhajar katin a mayar da shi S/PDIF, a kuma sa agogon katin kan Internal.

Maganar kebul gajera ce. Coaxial na son kebul mai ohm 75, kuma rawayan nan na bidiyo da ke zuwa da DVD ko dikoda daidai yake da hakan. Ja da fari na sauti sukan yi aiki a gajeren zango, amma su ne farkon abin zargi in fitila na ƙiftawa. Kebul ɗin haske kuwa, a cire 'yar hular roba da ke bakinsa, a tura har sai ya yi ƙas, kada a lanƙwasa shi sosai, kada ya wuce mita 5 in ba dole ba. Ƙurar hunturu na shiga ramin da aka bari a buɗe, a hure ta. Ganin jan haske a bakin kebul yana nuna ba a karye yake ba, amma bai tabbatar da cewa abin da ake aikowa daidai ne ba. In DAC ɗinka tana da rami mai haƙora uku na AES/EBU, ohm 110 yake, siginarsa ta fi ƙarfi. In za a haɗa shi da Coaxial a nemi taransifomar daidaitawa, ba sauya baki kawai ba. Ban ga dalilin kashe maƙudan kuɗi a kan kebul na dijital ba, musamman ga wanda ko sauti bai samu ba tukuna.

Saitin kwamfuta, inda mafi yawan matsalar take

A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl. A shafin Playback zaɓi Digital Output ko sunan konbatarka, ka danna Set Default. Shiga Properties. In akwai shafin Supported Formats, cire alamar da ke kan Dolby Digital da DTS, ka bar 44.1 da 48 kHz kaɗai. A shafin Advanced mayar da Default Format zuwa layi 2, bit 16, 44100 Hz, ka danna Test. Kashe duk wani ƙarin armashi da ke ƙarƙashin Enhancements da Spatial sound. Sau da yawa a nan kaɗai ake gamawa, domin sababbin konbatoci sukan fara ne a kan awo mai girma. Guntun da ke karɓar sigina a cikin yawancin DAC na farkon shekarun 1990, irin su Crystal CS8412 da Yamaha YM3623B, don 32 da 44.1 da 48 aka yi su. Sai wajen ƙarshen shekarun, da zuwan DVD, aka samu CS8414 mai kaiwa 96.

A Mac, buɗe Audio MIDI Setup a cikin Utilities, zaɓi na'urar, ka mayar da Format zuwa 44,100 Hz. A Linux, umarnin aplay -l zai nuna ko an ga katin. Buɗe alsamixer ka nemi S/PDIF ko IEC958. In ka ga MM a ƙarƙashinsa to a rufe yake, danna M. PipeWire yakan fara a kan 48,000, wanda tsohuwar DAC za ta karɓa. In kana son sanin ainihin abin da ke fita, leƙa fayil ɗin hw_params da ke ƙarƙashin /proc/asound lokacin da waƙa ke tafiya.

Tsakanin 44.1 da 48 wanne za a zaɓa? Waƙoƙin da aka kwafo daga CD 44.1 ne, finafinai kuwa 48. Ka zaɓi wanda ya dace da abin da ka fi ji, kwamfuta za ta juya sauran, kuma juyin kwamfutocin yanzu ba abin tsoro ba ne. Amma in 44.1 na ƙiftawa, gwada 48. Wasu katunan sauti na ciki agogon 48 ne asalinsu. Sound Blaster Live! na 1998 ma duk abin da aka ba shi sai ya mayar da shi 48 kafin ya fitar.

Akwai wata alama da ke rikita mutane: wasu waƙoƙi su fita lafiya, wasu shiru, a manhaja ɗaya. Wannan yakan faru ne ga wanda ya sa manhajarsa, misali foobar2000 ko JRiver, a tsarin WASAPI na keɓewa ko ASIO. Tsarin na da kyau, domin yana tsallake mahaɗar sauti ta Windows ya kai lambobin yadda suke. To amma yadda suke ɗin ya haɗa da awonsu: fayil mai 96 kHz zai fita a 96, ko da ka saita Windows a 44.1. Maganin shi ne a kunna mai juya awo a cikin manhajar kanta, a ce duk abin da ya haura 48 a sauko da shi, 96 da 192 zuwa 48, 88.2 zuwa 44.1. Fayilolin DSD ma a sa manhajar ta mayar da su PCM.

Sai maganar bit, wadda ba ta hana sauti fita amma tana rage masa kyau. S/PDIF na iya ɗaukar har bit 24, sai dai da yawa daga tsofaffin DAC 16 na sama kaɗai suke ɗauka su watsar da sauran. Kowane bit yana daidai da kusan decibel 6. In ka rage ƙara daga kwamfuta da decibel 24, ka zubar da bit huɗu ke nan, DAC na aiki da 12. A nan ne ake jin ƙarshen sauti, inda murya ko tsirkiya ke mutuwa a hankali, ya zama mai kaushi. Don haka ka bar ƙarar Windows da ta manhaja a kan 100, ka riƙa ragewa daga amfilifaya. In fayilolinka masu bit 24 ne, sa manhajar ta fitar da 16 tare da kunna dither.

Wanda DAC ɗinsa ke da fitilar HDCD ya samu ma'auni kyauta. Wannan tsari na kamfanin Pacific Microsonics, wanda Microsoft ta saye a 2000, yana ɓoye alamarsa ne a cikin bit na ƙarshe na sautin. Ƙanƙanin taɓi, rage ƙara ko juya awo, yana goge ta. Kwafi faifan HDCD zuwa WAV ko FLAC ka kunna. In fitilar ta kama, ka tabbata babu abin da ya taɓa lambobinka a hanya.

Shuuu mai ƙarfi

Ga dalilin rage ƙarar amfilifaya. Dolby Digital da DTS suna bin wayar S/PDIF ne a dunƙule, suna jiran na'urar sinima ta warware su. Tare da su akwai alamar da ke cewa wannan ba sautin kai tsaye ba ne. DAC mai karanta alamar takan yi shiru. Wadda ba ta karantawa sai ta ɗauki dunƙulen a matsayin waƙa ta fitar da shi da dukkan ƙarfinta, kuma hakan na iya ƙona 'yar ƙaramar lasifikar sama cikin daƙiƙu. In waƙa na fita lafiya amma fim ya kawo shuuu, shiga saitin VLC ko Kodi ka kashe Passthrough, ka sa ya sauko da sautin zuwa layi biyu. Talabijin da dikoda ma haka: PCM, ba Auto ba, ba Bitstream ba.

Tsinkewa iri-iri ce

Kada a yi wa tsinkewa kuɗin goro. Ka lura da lokacin da take faruwa, da abin da fitila ke yi a lokacin.

In farkon kowace waƙa ne ke ɓacewa, daƙiƙa ɗaya ko biyu, kana kuma jin ƙas daga cikin DAC, kwamfuta ce ke ɗauke sigina idan babu abin da ake kunnawa. Duk dawowarta sai DAC ta sake kama takun kafin ta buɗe bakinta. A Windows, 'yar manhajar Sound Keeper tana riƙe layin a buɗe ta hanyar aika shiru ba fasawa. JRiver na da zaɓin kunna ɗan shiru kafin waƙa. A Linux a hana PipeWire ko PulseAudio kwantar da katin in ya zauna ba aiki.

In sauti na tsinkewa amma fitila ba ta motsa ba, layin lafiya yake, kwamfutar ce ke makara wajen kawo lambobin. Ƙara girman Buffer a manhaja, kashe USB selective suspend a saitin wuta, ka gwada kashe Wi-Fi ka ji. Manhajar LatencyMon takan nuna direban da ke riƙe kwamfutar. Sau da yawa na Wi-Fi ne ko na katin hoto.

In fitilar ce ke ɗaukewa daidai lokacin da firji ya tashi, ko aka kunna fanka, ko sitabilaiza ta yi ƙas, to tartsatsin wuta ne ke shiga ta kebul ɗin Coaxial ko ta wayar wuta. Koma kan kebul ɗin haske, ka raba soket da firjin. Janaretan da wutarsa ke sauka in an ɗora masa kaya ma yakan jawo haka.

Na ƙarshe ya fi wuyar ganewa: DAC na kamawa da DVD lafiya lau, da kwamfuta kuwa sai ta riƙa ɗaukewa bayan kowane ɗan lokaci, ko'ina an duba ba a ga komai ba. Ƙa'idar S/PDIF ta yarda agogon mai aikowa ya kauce da kashi 1000 cikin miliyan a matakin gama-gari, kashi 50 a matakin ƙwarai. Wasu manyan DAC na shekarun 1990 suna da agogo na biyu mai tsantseni, wanda aka sa don tace rawar siginar, kuma ba ya bin mai aikowar da ya kauce da yawa. Abin mamaki, masu tsadar ne suka fi wannan tsirfa. Babu saitin da zai gyara shi. Sai a bar ramin jikin kwamfutar a koma kan konbata mai agogo biyu nata na kanta, ɗaya na dangin 44.1, ɗaya na dangin 48.

Gurnani da tsiwa

Gurnani mai kauri da ba ya sauyawa, ko wata siririyar tsiwa da ke bin motsin linzami, ba a cikin lambobin suke ba. Ta wayar ƙasa suke bi, daga kwamfuta ta kebul ɗin Coaxial zuwa ɓangaren sauti. Gwajin mai sauƙi ne: zare cajar laftof ya koma kan batir. In ƙarar ta ɗauke, an gano bakin zaren. Sa kwamfuta da DAC da amfilifaya a kan soket ɗaya, ka kuma zare wayar eriya ko ta dish in akwai dikoda a jikin amfilifayar, domin ita ma takan kawo tata ƙasar daban. Abin da ya fi yankewa shi ne kebul ɗin haske, tunda babu ƙarfe a cikinsa da wuta za ta bi. Masu sha'awar kayan sauti sukan raina TOSLINK su ce Coaxial ya fi tsabtar agogo, kuma a kan takarda suna da hujja. Amma a gidan da wayar ƙasa ba ta da tabbas, ana sauyawa tsakanin wutar gwamnati da janareta da sola, ni hasken zan zaɓa. Kada dai a karya haƙorin ƙasa na fulogi don a kashe gurnani. Shi ne ke kare rai ranar da wuta ta taɓa jikin na'ura.

Masu sayen na'urar raba wutar USB don kashe gurnani su sani cewa masu arahar nan da ke kan guntun ADuM3160 ko 4160 megabit 12 kaɗai suke wucarwa, yawancin sababbin konbatoci kuwa babban gudu suke so, ba za su tashi a bayansu ba. In kuma gurnanin daga jikin akwatin yake fitowa ba daga lasifika ba, taransifomar ce ke rawa, kuma inbata mai arha da wutarta ba ta da santsi takan jawo hakan.

Wani ɗan abu da ba kowa ke haɗuwa da shi ba: fitilar Emphasis. Wasu faifan CD na shekarun 1980 an ɗaga musu siririn sauti wajen ɗauka, aka sa alamar da za ta sa DAC ta sauke shi. In an kwafe su zuwa kwamfuta alamar takan ɓace, sai su fito da kaifi. Umarnin deemph na manhajar SoX na gyara wannan. In kuwa fitilar na kamawa a kan kowace waƙa, sauti ya dushe, to mai aikowa ne ke tura alamar bisa kuskure. Katunan situdiyo irin na RME suna da akwatunan Professional da Emphasis da Non-Audio a manhajarsu. A cire alama daga duka ukun.

DAC masu USB na tsakiyar shekarun 2000 suna da nasu labarin. Waɗanda ke kan guntun PCM2704 da danginsa ba sa buƙatar direba, amma bit 16 da 48 kHz ne iyakarsu. Masu direban kamfani kuwa, in kamfanin ya daina sabunta shi, sabon Windows ko macOS na iya ƙin su. Muddin akwai ramin Coaxial ko na haske a baya, manta da tsohon USB ɗin ka shigo ta konbata.

In da gaske na'urar ce

Na'urar da ta shekara 30 tana da wuraren da suka saba gajiya. In sai ta ɗumama take kamawa, ko kuma tana kamawa da sanyi ta saki in ta yi zafi, kafasitocin ɓangaren wuta ne suka bushe, kuma zafin ƙasarmu na gaggauta hakan. In girgiza kebul a bakin rami na sa fitila ƙiftawa, dalmar da ke riƙe ramin ce ta tsage. In gefe ɗaya na ɗaukewa ya dawo idan an ɗan ƙwanƙwasa akwatin, bakin rilen da ke rufe sauti ne ya yi tsatsa. In Coaxial na aiki amma haske ba ya yi, idon karɓar hasken ne ya mutu, ana sauya shi. Duk waɗannan aikin mai gyaran rediyo ne na ƙwarai, kuma kayansu ba su da tsada. Kada ka buɗe da kanka tana jone da wuta.

Ka je masa da sakamakon gwajinka: da DVD ta yi kaza, da haske ta yi kaza, bayan minti nawa take saki. Ka kuma ja masa kunne a kan abu biyu. Kada ya murɗa 'yan sukurorin daidaitawa da ke kan allo, domin a masana'anta aka saita su da na'urar awo, kunne ba zai mayar da su ba. Kada kuma ya yi saurin cire babban guntun juyin, irin su Philips TDA1541A ko Burr-Brown PCM63. An daɗe da daina ƙera su, jabunsu sun cika kasuwa, kuma ba kasafai su ne ke mutuwa ba. Ya fara auna wutar da ke isa gare su tukuna.